Ƙwaya Ɗaya Kowace Rana: Sankarar Jini Mai Jinkiri da Bangaskiyar Kirista

A cikin cututtukan da Allah ya jarrabi 'yan Adam da su akwai waɗanda ke zuwa da gaggawa su tafi da gaggawa, ko dai su saki mutum ya miƙe ya koma gonarsa, ko kuwa su raka shi kushewa, kuma irin waɗannan kowa ya san ladabin da ake yi musu: a je dubiya, a kai kunu, a ce Allah ya sawwaƙe, in abin ya ƙare da rasuwa a zauna makoki. Amma zamanin nan ya zo mana da wata irin jinya wadda kakanninmu ba su sani ba, jinyar da mai ita ba ya kwance, ba a kuma sallame shi ba, yana zuwa kasuwa, yana zuwa ofis, ana cin tuwo da shi ana dariya, alhali kuwa a cikin ɓargonsa akwai cutar da, in da a zamanin iyayensa ne, da ba ta bar shi ya wuce shekara biyar ba. Ita ce sankarar jini mai jinkiri wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan CML. Na zaɓi in dube ta ta fuskar 'yan'uwanmu Kirista, domin mas'alar da take tayarwa a majami'a mas'ala ce mai zurfi, kuma duk mai imani, kowace alƙibla yake fuskanta, zai ga kansa a cikinta.

A cikin ɓargon ƙashi ake ƙera jini, ja da fari, kuma fararen ƙwayoyin su ne masu yaƙi da cuta. Ga mai lafiya adadinsu yana tsakanin 4,000 da 11,000 a ɗan mitsitsin ma'aunin da ake gwaji da shi, amma ga mai wannan cuta sai ɓargo ya dinga zubo su babu ƙaƙƙautawa, har adadin ya haura 100,000, saifa ta kumbura ta cika gefen hagu na ciki, mutum ya ci loma kaɗan ya ji ya ƙoshi, ya rame, ya riƙa jin kasala da gumin dare. Da yawa a ƙasarmu sukan daɗe suna shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod kafin wani likita mai lura ya taɓa cikin ya ji saifar, ya aika a ƙirga jinin. Tana da 'yar'uwa da ake kira CLL, wadda ta fi kama tsofaffi, wadda sau da yawa likita kan zuba mata ido na shekaru ba tare da magani ba. Amma hukuncinta dabam ne, ba ita muke nufi a nan ba.

Tun a 1845 aka fara bayyana cutar a rubuce, a hannun John Hughes Bennett a Edinbara da Rudolf Virchow a Balin, amma sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin a gane sababinta. A 1960, a birnin Filadalfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford suka hango a madubin likita cewa ɗaya daga cikin zaruruwan halitta da ake kira kuromosom ya gajarce a jinin masu cutar, aka kuwa sa wa wannan gajeren sunan birnin. A 1973 wata likita a Jami'ar Chikago, Janet Rowley, ta nuna cewa musanya aka yi tsakanin kuromosom na 9 da na 22, kowanne ya karye ya ɗauki guntun ɗan'uwansa, kuma a mahaɗar nan aka sami wani sabon umarni, wanda masana suka sa wa suna BCR-ABL, da ke ce wa ƙwayar jini ta yi ta haihuwa kada ta tsaya. Ya wajaba mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin hujja ce da za mu bukata nan gaba: wannan karaya tana faruwa ne a cikin jikin mutum bayan an haife shi, ba a gadonta daga iyaye, ba a ba 'ya'ya gadonta, ba a ɗaukarta a ƙwarya ko a shimfiɗa, kuma ban da haske mai guba irin wanda ya sami mutanen Hiroshima da Nagasaki, masana ba su kama wani abu da za a ce mutum ya yi ya jawo wa kansa ita ba.

Dā can magani bai wuce rage yawan ƙwayoyin ba, da busulfan ko hydroxyurea, daga baya aka sami allurar intaferon mai galabaitar da jiki, da dashen ɓargo wanda ke warkarwa amma sai mai ƙuruciya da ya sami wanda jininsu ya dace, ya kuma tsira daga haɗarin dashen kansa. Mafi yawan majinyata sukan yi shekara uku zuwa biyar, sa'an nan cutar ta juye daga jinkiri zuwa gaggawa, ta gama da su cikin 'yan watanni. Ana nan sai wani likita a Oregon, Brian Druker, tare da Nicholas Lydon da masu harhaɗa magunguna na kamfanin da ya zama Novartis a Suwizalan, suka gwada wata ƙwaya da aka ƙera don ta toshe wancan umarni. An fara ba mutane ita a 1998, kuma a cikin majinyata 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye, jinin 53 ya koma daidai. A watan Mayu na 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita, sunanta imatinib, ana sayar da ita da sunan Glivec. Da aka bi sawun majinyatan babban gwajin da aka yi mata har shekara goma, aka tarar fiye da 80 cikin 100 suna raye, kuma wani bincike daga Siwidin a 2016 ya nuna cewa tsawon ran mai cutar ya kusa kamo na sauran jama'a.

Wannan ni'ima ce babba, amma da sharaɗi ta zo, kuma sharaɗin nan shi ne zuciyar maganarmu. Ƙwayar tana danne cutar ne, ga mafi yawan mutane ba ta tumɓuke saiwarta, saboda haka ana shanta kullum, yawanci miligiram 400, tare da abinci da babban kofin ruwa, shekara bayan shekara, ba ranar hutu. Tana kuma da nata haraji. Mai shanta kan tashi da safe ya ga fatar idonsa ta kumbura, har maƙwabciya ta tambaye shi ko kuka ya kwana yi; tsokar ƙafa kan ɗaure masa cikin dare ya tashi yana dafa bango; ga tashin zuciya, ga gudawa, ga wata gajiya wadda barci ba ya kore ta. Ga baƙar fata akwai ƙarin abu, watau launin jiki kan yi haske, har a sami mace mai kamun kai wadda ake yi da ita a bayan ido cewa ta fara shafa man bilicin, ita kuwa ba ta da bakin da za ta yi wa kowa bayani. Bayan kowane wata uku akwai gwajin PCR, wanda ke ƙirga ragowar cutar a jini, kuma kwanakin da ke tsakanin ɗibar jini da fitowar sakamako kwanaki ne da mai jinya kaɗai ya san nauyinsu.

Sa'an nan ga mas'alar kuɗi. Lokacin da maganin ya fito, na shekara guda ya kusa dala 30,000 a Amurka, kuma kafin 2012 ya haura 90,000. Abin da ya ceci talakan Afirka shi ne wani shiri na bayar da shi kyauta da kamfanin ya yi tare da Gidauniyar Max, wadda aka kafa a 1997 don tunawa da wani yaro da cutar ta kashe yana ɗan shekara 17. A Nijeriya shirin ya fara a 2003 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, kuma shekaru masu yawa can ne majinyata daga Jos, da Yola, da Kafanchan, da Kano suke ɗaukar doguwar hanya su je karɓa. Daga baya, bayan Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi ba kamfanin haƙƙin mallakar maganin a 2013, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan dole a 2015, samfurori masu rahusa suka yawaita. Duk da haka kuɗin mota, da na masauki, da na gwaji, suna nan a wuyan mai jinya, wanda a nahiyarmu sau da yawa magidanci ne ko uwa mai ƙananan yara, domin cutar tana kama mutanenmu da ƙuruciya fiye da yadda take kama Turawa.

To, wannan mutum shi ne ke ɗaura tufafinsa ranar Lahadi ya tafi sujada. Ikilisiya ta ƙware wajen jinya mai gaggawa: da zarar an ji ɗan'uwa ya kwanta, dattawa za su je, 'yan Zumuntar Mata za su zo da zannuwansu iri ɗaya da kwanukan abinci, a yi waƙa a bakin gado, a shafa mai a yi addu'a kamar yadda wasiƙar Yaƙubu ta umarta. Haka aka yi masa a watannin farko. Amma bayan shekara biyu, ga shi ya yi ƙiba, ga shi yana ɗaukar kwandon baiko, sai jama'a su ɗauka magana ta wuce. Lokacin ba da shaida ya yi, wani ya tashi ya ce an yi masa addu'a ƙarin da ke cikinsa ya ɓace, majami'a ta ɗauki sowa da guɗa. Shi kuwa yana zaune yana tunanin wace shaida zai bayar, tun da ba zai iya cewa ya warke ba, ƙarya ce, ba zai kuma iya cewa Ubangiji bai ji shi ba, wannan ma ƙarya ce. A bakin ƙofa wata dattijuwa mai ƙaunarsa ta riƙe hannunsa ta ce, "Ɗana, har yanzu kana shan ƙwayar nan? Ai Yesu ya riga ya gama aikin, saura kai ka karɓa." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ki ci gaba da sa ni cikin addu'a." Ba mugunta ta kawo wannan magana ba, ƙauna ce, amma ƙaunar da ta ɗora wa mai jinya laifin rashin warkewarsa, ta mayar da kwalbar magani ta zama alamar raunin bangaskiya.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: duk wanda ya ce wa mai wannan cuta ya zubar da maganinsa don ya tabbatar da bangaskiyarsa, ya ɗauki alhakin rai, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa. Likitocin asibitin Hammersmith a Landan sun yi wani bincike da aka buga a 2010, inda suka ba majinyata 87 kwalabe masu murfin da ke rubuta kowane lokacin da aka buɗe shi, suka tarar waɗanda ke tsallake fiye da kashi 10 cikin 100 na maganinsu, watau abin da ya wuce kwana uku a wata, da wuya su kai matakin da cutar ke lafawa ƙwarai. Yawan yankewa kuma kan ba cutar damar sauya kama har maganin ya daina cinta, sai a koma ga dasatinib ko nilotinib ko ponatinib, waɗanda suka fi tsada da wuyar samu, in kuwa ta juye zuwa gaggawa, to, ƙofofin da suka rage kaɗan ne.

Abin lura shi ne, Littafi Mai Tsarki kansa bai goyi bayan masu raba addu'a da magani ba. Sarki Hezekiya, da aka gaya masa ajalinsa ya zo, ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka ya roƙi Allah, aka ƙara masa shekara 15; amma annabi Ishaya wanda ya kawo bisharar shi ne kuma ya sa aka curo ɓaure aka ɗora a kan marurun. Luka, marubucin ɗaya daga cikin Linjila huɗu, likita ne. Da Iblis ya kai Almasihu kan ƙololuwar Haikali ya zuga shi ya diro don a ga ko mala'iku za su tare shi, ya ƙi, domin yin haka gwada Allah ne, kuma ban ga bambanci tsakanin wannan dirowa da zubar da ƙwayar da aka san ita ce ke riƙe da cutar ba. Maƙwabtansu Musulmi sun san wannan babi sarai, domin malamai sun daɗe da tabbatar da cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, hasali ma cikonsa ne. Tarihin ikilisiya a ƙasarmu ma shaida ne. Walter Miller, wanda ya yi aiki babba wajen fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne. Asibitin Wusasa sunan Luka yake ɗauke da shi. Asibitin Vom a Filato tun 1922 yake, na Galmi a Nijar tun 1950. Bisharar da ta iso da kwalbar magani a hannu ba za ta juyo ta kira maganin kafirci ba.

Haka nan zancen cewa cutar azaba ce ta wani zunubi, ko la'ana ce ta zuriya, ko jifa ne na maƙiya. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya kore duka biyun. Kuma a ƙarshen littafin Ayuba, abokan da suka nace cewa lalle akwai wani laifi a ɓoye, su ne aka tsawata wa. A nan ilimin Nowell da Rowley da nassin Linjila sun haɗu a wuri ɗaya. Miji ba shi da hujjar ƙaurace wa matarsa, dangin amarya ba su da hujjar fasa aure don tsoron a haifi masu cutar. Abin da ke akwai dai shi ne, maganin yana iya cutar da ɗan tayi, saboda haka macen da ke son haihuwa sai ta shirya abin da likitanta tun kafin ta ɗauki ciki.

Amma na fi so in daɗe a kan wani abu da ya fi waɗannan duka zurfi, watau tambayar da mai jinya ke yi wa kansa cikin dare: na roƙa, an roƙa mini, me ya sa ba a ɗauke mini ba? Addinin Kirista yana da amsa, ko da yake ba ita ce aka fi so a ji daga kan mumbari ba. Manzo Bulus, wanda aka warkar da mutane da yawa ta hannunsa, yana da wata ƙaya a jikinsa wadda bai faɗi mece ce ba. Sau uku ya roƙa a cire ta, ba a cire ba, aka nuna masa cewa alherin da aka ba shi zai ɗauke shi tare da ƙayar, ya kuwa ci gaba da tafiye-tafiyensa da ita. Almasihu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sa'an nan ya miƙa wuya ga nufin Uba. Akwai kuma labarin Isra'ilawa a jeji, waɗanda aka ciyar da manna shekara 40, ba a taɓa ba su na wata guda a dunƙule ba, sai na rana ɗaya, wanda ya ɓoye don gobe ya tarar ya yi tsutsa, ban da na jajiberin Asabar. Mutum ya fi son mu'ujiza guda wadda za ta 'yantar da shi daga bukata har abada, amma hikimar Ubangiji sau da yawa takan bar shi a kan abincin yini, domin ya san kowace safiya daga ina ransa yake fitowa. Kiristan da ke addu'ar da Yesu ya koyar, wadda a cikinta abincin ranar kaɗai ake roƙo, yana da cikakken dalilin ɗaukar ƙwayarsa da godiya kamar yadda yake ɗaukar ƙosai da kokonsa, ya yi addu'a a kan duka biyun. Wanda ya yi shekara goma a haka, ya ga 'yarsa ta gama makaranta, ya ɗauki jikansa, yana da shaida, kuma haƙƙin fasto ne ya buɗe mata fili a gaban jama'a daidai da ta wanda ƙarinsa ya ɓace.

Azumi ma yana bukatar fatawa mai hankali. Imatinib da abinci ake sha, nilotinib kuwa sau biyu a rana ciki ba komai, ba a cin abinci awa biyu kafinsa, ba a kuma ci awa ɗaya bayansa. Cocin Katolika ta ɗauke wa marar lafiya wajibcin azumin kwana arba'in na kafin Ista, amma a ikilisiyoyin da ke shelar azumin farkon shekara, wani har ba ruwa, mai jinya kan ji kunyar a ga shi kaɗai yake ci. Kyakkyawan makiyayi shi ne zai riga shi magana, ya ce, "Ɗan'uwa, kai ka ci ka sha maganinka, azuminka ya zama na addu'a da sadaka," kafin kunya ta sa ya tsallake kwana bakwai.

Ba a rufe ƙofar barin magani gaba ɗaya ba. Tun daga wani bincike da aka yi a Faransa aka buga a 2010, an gane cewa wasu daga cikin waɗanda suka sha ƙwayar shekaru da yawa, gwaji kuma ya kasa ganin cutar a jininsu aƙalla shekara biyu a jere, suna iya dainawa. Kusan rabi kan zauna lafiya, sauran kuwa cutar kan dawo, yawanci cikin wata shida na farko, su koma kan magani ta sake lafawa. Amma likita ne ke yanke wannan hukunci bisa hujjar gwaji, kuma ana ɗibar jini kowane wata a farkon dainawar. Inda babu halin yin gwajin a kai a kai, ba a shiga wannan hanya, kuma wannan shi ne halin da yawancin majinyatanmu suke ciki.

Saboda haka taimakon da ikilisiya za ta yi a bayyane yake. Asusun jin ƙai da ake buɗewa don jana'iza ya kamata ya san da kuɗin motar mai zuwa karɓar magani da kuɗin gwajin wata uku, a rubuta su cikin kasafin shekara, domin bukata ce mai dawowa, kuma magidanci ba ya son ya riƙa miƙa hannu sau huɗu a shekara. Dattijon da aka ba amanar labarin ya riƙe sirri, tun da har yanzu akwai mai aikin da ke tsoron a sallame shi in aka ji. Ranar 22 ga Satumba ce aka keɓe a duniya don wannan cuta, saboda lambobin kuromosom ɗin nan biyu, 9 da 22, kuma majami'ar da ke da likita ko ma'aikaciyar jinya a cikin membobinta tana iya ba ta minti goma a Lahadin da ta fi kusa, ta bayyana wa jama'a cewa kumburin gefen hagu na ciki da kasalar da ta ƙi jin maganin zazzaɓi suna bukatar a je a ƙirga jini.